Tambaya da Amsa: Su wa suka ɗora gari a kan tsaunin Peru?

Jama'a barkanmu da sake saduwa. Tun da na ambata a wannan fili cewa Allah Ya kai ni ƙasar Peru da ke Kudancin Amurka har na taka kufan Machu Picchu, saƙonni suke ta shigowa ba ƙaƙƙautawa. Na tsamo guda shida, waɗanda ba su ga nasu ba su yi haƙuri, da yawa tambayar iri ɗaya ce kuma amsarku na nan ciki.

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sakandare. Na kalli wani bidiyo a YouTube mutumin yana cewa wai ba ɗan Adam ne ya gina garin nan ba, wasu halittu ne suka sauko daga sama, abokina kuma ya ce aikin aljanu ne tunda ba siminti ba injin ɗaga kaya. Dan Allah mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Mutane ne suka gina shi, masu jini da tsoka kamar ni da kai, kuma wallahi maganar nan ta halittun sama tana min ciwo, don in ka lura ba a cika jin ta ba sai an zo kan aikin mutanen da ba Turawa ba. Sunan mutanen Inka, babban birninsu Kusko, sarkin da ya sa aka yi aikin kuma Pachakuti, wanda ya hau mulki a 1438. An gina garin wajen 1450 a kan doron wani tsauni mai tsayin mita 2,430, kogin Urubamba ya kusa zagaye shi daga ƙasa. Wurin hutun sarki ne da iyalinsa da bayinsa da masu kula da ibadarsu, gine-gine kusan 200, mutanen da ke zaune ciki kuma ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

To ta yaya suka sassaƙa dutse ba ƙarfe? Da dutse ɗan'uwansa. Su kan ɗauko duwatsun kogi masu tauri su yi guduma da su, a yi ta dukan dutsen gini ana rage shi kaɗan-kaɗan, a ɗora a gwada, a sauke a ƙara duka, a sake gwadawa, har sai ya zauna daram a jikin na kusa da shi. Suna da tagulla da suke yin kurfi da sandar ɓanɓara da ita. Ni da kaina na durƙusa a gaban bangon ɗakin da ake kira Haikalin Rana na kai fuskata kusa-kusa, sai ga 'yan ƙananan ramuka birjik a jikin dutsen kamar tabon ƙyanda, a tsakiya manya-manya, da ka matso bakin da ya haɗu da ɗan'uwansa sai ka ga sun koma sirara, wato mai aikin ya ajiye babbar guduma ya ɗauki ƙarama da ya zo wurin da ke buƙatar lallami. Sawun hannun mutum ke nan ɗana. Wani masanin gine-gine na jami'ar Berkeley, Jean-Pierre Protzen, ya je ma'adinarsu a shekarun 1980 ya ɗauki irin gudumar ya sassaƙa dutse da hannunsa, kuma tabon da ya fito iri ɗaya ne da na jikin bangon.

Batun ɗauka kuma, yawancin dutsen Machu Picchu a nan kan tsaunin aka fasa shi, ma'adinar tana tsakiyar garin har yau. Inda aka jawo daga nesa, kamar garin Ollantaytambo, igiya ce da gangara da aka yi da ƙasa da ƙarfin ɗaruruwan maza. Daga ma'adinar Kachiqata da ke ƙetaren kogi zuwa wurin ginin akwai manyan duwatsu yashe a kan hanya waɗanda ba su ƙarasa ba, mutanen wurin suna ce musu gajiyayyun duwatsu. Aiki ne ya tsaya a tsakiya aka bar su inda suke.

Amma abin da ya fi kama zuciyata ba ya fitowa a hoto. Wurin nan ruwan sama yake sha kusan milimita 2,000 a shekara, ga shi ƙasar girgiza ce, da an yi ginin da ka da tuni ya zame ya faɗa kogi. Injiniya Kenneth Wright da ya yi shekaru yana auna wurin ya ƙiyasta cewa kashi 60 cikin 100 na aikin a ƙarƙashin ƙasa yake. Duk matakalar gona da ka gani, ƙasanta manyan duwatsu ne, sai tsakuwa, sai yashi, sannan ƙasar noma a sama, don ruwa ya tsane ya wuce ba tare da ya ci ƙasa ba. Sun jawo ruwan sha daga wani marmaro ta magudanar dutse mai tsawon mita 749, ya sauko ta wuraren ɗiba 16 ɗaya ƙasan ɗaya, na farkon a ƙofar gidan sarki. Na tsaya a ɗaya daga ciki ruwa na zuba siriri kamar daga bakin buta, daidai yadda zai shiga bakin tulu, bayan shekara sama da 500. Bangon kuma duk a ɗan kishingiɗe yake zuwa ciki, ƙofofi da tagogi ƙasansu ya fi samansu faɗi. A Kusko girgizar ƙasa ta 1650 da ta 1950 sun lalata cocin Santo Domingo da Sifaniyawa, Turawan da suka ci ƙasar da yaƙi, suka ɗora a kan haikalin Korikancha, bangon Inka da ke ƙarƙashi yana nan tsaye. Ka faɗa wa abokinka haka.

Tambaya: Malam ina gaisuwa. Ni malamar makaranta ce ina koyar da tarihi. Na karanta cewa Inka ba su da rubutu ba su da kuɗi, to ta yaya aka riƙe daula mai girma haka?

Amsa: Malama ina amsawa, Allah Ya ƙara basira. Su kansu ba Inka suke kiran ƙasar ba, Inka laƙabin sarki ne da danginsa, ƙasar sunanta Tawantinsuyu, wato sassa huɗu da suka haɗu, kuma a Kusko suka haɗun. Ta taso daga kudancin Kolombiya ta yau ta ratsa Ekwado da Peru da Bolibiya har cikin Chile da Ajantina, mutane ana ƙiyasta miliyan 10 zuwa 12, kuma duk faɗaɗar nan cikin ƙasa da shekara 100 aka yi ta.

Abu uku suka riƙe ta: hanya, igiya, da rumbu. Hanyarsu da ake kira Qhapaq Ñan ta kai kilomita 30,000, UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta a jerin kayan tarihin duniya a 2014. Ba doki ba keke ba amalanke, shi ya sa za ki ga hanyar ta hau tsauni da matakala kai tsaye, don ƙafar mutum da ta lama aka yi wa, lama ɗin nan dabba ce dangin raƙumi amma ba ta da tozo kuma ba ta ɗaukar mutum, sai kaya marasa nauyi. A kan hanyar an jera samari 'yan gudu da ake kira caski, wannan ya sheƙo ya miƙa wa na gaba saƙo shi ma ya sheƙa, ana ƙiyasta saƙo kan ci kilomita 240 a yini.

Igiyar ita ce kipu. Babban zare ne aka rataya masa ƙananan zaruruwa na auduga ko gashin alfaka, 'yar'uwar lama, masu launi daban-daban, a ƙuƙƙulla su. Ƙullin da ke can ƙasa ɗaiɗai ne, na samansa gomomi, na sama ɗaruruwa, in wuri ya zama fili ba ƙulli to sifiri ke nan. Da haka ake ƙidayar mutane da dabbobi da abin da ke cikin kowane rumbu, kuma akwai ma'aikata na musamman da aikinsu ke nan. Kusan guda 1,000 suka rage a gidajen tarihi na duniya. Na lissafi an iya karanta su, akwai kuma wasu da ba su bi tsarin lissafi ba, masana na nan suna ta fama da su. Ni dai ba na yarda a ce wa mutanen da suka yi wannan jahilai don kawai ba alƙalami suka riƙe ba. Ki gwada wa ɗalibanki a aji da zare, ki sa su ƙulla shekarar haihuwarsu, za su riƙe darasin fiye da allo.

Haraji kuma da jiki ake biya, sunansa mita. Kowane gida zai ba da namiji na wani lokaci ya yi noman gonar hukuma ko gini ko yaƙi ko gyaran hanya, mata kuma saƙa, don tufa a wurinsu ta fi zinare daraja wajen kyautar sarki. Ita kuma hukuma ta ciyar da mai aikin ta shayar da shi, kamar gayya ce amma ta dole. Abin da aka noma a zuba a rumbunan dutse da ake kira kolka, a jere a gefen tsauni inda iska mai sanyi ke ratsawa. Suna shanya dankali da dare sanyi ya daskarar da shi, da rana a tattake a matse ruwan, ya bushe ya zama chuño da ke shekaru bai lalace ba, nama kuma su yi kilishinsa da suke kira charki. Af, dankalin nan da muke ce wa na Turawa, a tsaunukan Andes aka fara noma shi, Turawa ɗaukowa suka yi, kuma a Peru kaɗai akwai sama da iri 3,000.

Sai dai Malama in za ki koyar ki koyar duka. Daula ce ta yaƙi. Ƙabilar da ta yi taurin kai a kan kwashe ta ɗungurungum a kai ta wata ƙasa mai nisa a zaunar. Rana suke bauta wa da sunan Inti, suna ajiye gawar sarakunansu a busar ana fito da ita taro ana yi mata hidima, kuma a manyan lokuta suna sadaukar da yara a ƙololuwar tsaunuka, a 1999 an samo gawar yara uku a kan tsaunin Llullaillaco, sanyi ya adana su kamar masu barci. Wannan ya sa na yi shiru na daɗe ranar da na fara karanta shi.

Tambaya: Yallaɓai wai da gaske mutum 168 ne kacal suka ci daular nan da yaƙi?

Amsa: Adadin gaskiya ne ɗan'uwa, amma ba shi ne duka labarin ba. Kafin Francisco Pizarro, jagoran Sifaniyawan nan 168, ya iso, annoba ta riga shi, ta kashe sarki Wayna Kapak wajen 1527, 'ya'yansa biyu Waskar da Atawalpa suka shiga yaƙin basasa kan gadon sarauta. Atawalpa ya yi nasara ke nan ko hutawa bai yi ba, ranar 16 ga Nuwamba 1532 Sifaniyawa suka gayyace shi dandalin garin Cajamarca, suka ɓuya a ɗakuna da dawakai da bindigogi da takubban ƙarfe, shi kuma ya shigo da dubban mutane yawancinsu ba shirin yaƙi, aka yi musu kisan gilla aka kama shi. Ya ce zai cika ɗaki da zinare sau ɗaya, azurfa sau biyu, iya inda hannunsa ya kai. Aka kawo, suka narkar suka raba, sannan suka kashe shi a Yuli 1533. Cin amana tsantsa.

Kuma ka tuna ƙabilun nan da na ce an danne, irin su Kanyari da Wanka, dubbansu ne suka bi bayan Sifaniyawa don su huce haushi, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Inka ma ba su miƙa wuya nan take ba. Manko Inka, wani ɗan sarki Wayna Kapak, ya yi wa Kusko ƙawanya a 1536, a Ollantaytambo ya saki ruwa ya malale fili dawakai suka kasa motsi, daga baya ya ja da baya zuwa dajin Vilcabamba, suka ci gaba da sarautarsu a can har 1572 lokacin da aka kama sarkinsu na ƙarshe Tupak Amaru aka fille masa kai a dandalin Kusko. Shekara 40 ke nan ana fafatawa.

Tambaya: Salam. Ni da maigidana mun manyanta, mun haura 60, gwiwata na damuna shi kuma yana da hawan jini, amma ɗanmu da ke aiki a can yankin yana so ya kai mu. Za mu iya kuwa?

Amsa: Hajiya barka da war haka, Allah Ya yi wa yaron albarka. Za ku iya insha Allahu, na ga tsofaffi da suka girme ku a can, amma da sharaɗi: ku fara ganin likita ku gaya masa a fili cewa za ku wurin da ya haura mita 3,000, musamman saboda Alhaji. Abin da mutane ba su sani ba, ba Machu Picchu ce matsalar ba, Kusko ce. Ita tana kan mita 3,400, kusan mita 1,000 sama da kufan, kuma jirgi daga Lima da ke bakin teku awa ɗaya da 'yan mintuna zai sauke ku a can, jiki bai shirya ba. Iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, sai ciwon kai da haki da tashin zuciya da rashin barci, su suna ce masa soroche. Ni daren farko matakala goma na hau a masauki na tsaya ina jin bugun zuciyata a kunne. Shawarata da kun sauka kar ku kwana Kusko, ku ɗauki mota ku gangara kwarin Urubamba, Ollantaytambo na wajen mita 2,800, ku yi kwana biyu kuna shan ruwa sosai da abinci mara nauyi, Kusko ku bar ta sai a dawowa. In haki ya ƙi lafawa ko a zaune, ko mutum ya fara rikicewa, ba a jira, asibiti da saukowa ƙasa.

Daga Ollantaytambo jirgin ƙasa za ku hau, PeruRail ko Inca Rail, ƙasa da awa biyu a bakin kogi zuwa garin Aguas Calientes da ke gindin tsaunin, daga nan bas ta hau da ku a hanya mai lanƙwasa kamar rabin awa. Tikitin shiga ku saya tun da wuri ta shafin ma'aikatar al'adu ta Peru, yana ɗauke da rana da awa da kuma hanyar da za ku bi a ciki, don an raba wurin hanya-hanya ba a komawa baya, ku zaɓi ta ƙasa mai ƙarancin matakala saboda gwiwarki. Ku riƙe fasfo ɗinku na asali ana dubawa a ƙofa. Ba banɗaki a ciki Hajiya, yana waje kafin shiga kuma da 'yan canji na sol ake biya, sol shi ne kuɗin ƙasar. Tsaunin Huayna Picchu da ke bayan garin a duk hoto, ku kalle shi daga ƙasa ya wadatar, haka ma tafiyar ƙafa ta kwana huɗu mai kilomita 43 da ke ratsa mashigin mita 4,215, wannan ta yara masu jini a jika ce, mutum 500 kawai ake bari a rana har da 'yan dako da 'yan jagora, kuma a rufe take duk watan Fabrairu. Rani a can daga Mayu zuwa Satumba ne, sama garau amma dare da sanyi mai shiga ƙashi, damina kuma Nuwamba zuwa Maris.

In kun isa da sassafe kuka tarar hazo ya rufe komai kar ranku ya ɓaci, ku samu wuri ku tsaya. Haka na tarar, fari fat ko tafin hannu da ƙyar, can sai iska ta taso daga kogi ta fara yaye shi kamar mayafi, rufin ɗaki ɗaya ya fito, sai matakalai, sai gari gaba ɗaya, duk hayaniyar mutanen da ke wurin ta ɗauke.

Tambaya: Malam ya batun abinci ga Musulmi, kuma shayin koka da ake ba baƙi ba ƙwaya ba ce?

Amsa: Ƙanwata kifi zai rufa miki asiri, akwai kifin kogi da suke kira trucha ko'ina a yankin, ga dankali da masara mai manyan ƙwayoyi da miyar wani hatsinsu da ake kira kinuwa da ƙwai. Ki riƙa tambaya ko an sa alade, suna ce masa cerdo ko chancho. Chicha ta masara giya ce ki bar ta, chicha morada mai launin shuɗi-ja kuma lemon masara ne ba ya bugarwa. Ganyen koka daga shi ake tace hodar ibilis, gaskiya ne, amma ganyen kansa mutanen Andes sun yi dubban shekaru suna taunawa suna shayinsa kuma doka ta yarda da shi a Peru. Sha ko bari wannan ki tambayi malaminki da likitanki. Abin da zan ja miki kunne a kai, ko ganye ɗaya ko ƙullin shayi ɗaya kar ki sa a jaka ki fito da shi, a yawancin ƙasashe laifi ne babba, kuma yana iya fitowa a gwajin ƙwaya.

Tambaya: Baba an ce wani Ba'amurke ne ya gano garin bayan ya ɓata, to su mutanen Inka ina suka shiga, sun ƙare ne?

Amsa: 'Yata garin bai taɓa ɓace wa mutanen wurin ba. An watse daga cikinsa ne wajen zamanin da Sifaniyawa suka zo, daji ya rufe shi, kuma da yake ba su rushe shi ba kamar yadda suka yi wa wasu wuraren shi ya sa ya kai mana yau. Hiram Bingham malamin jami'ar Yale ya hau can ranar 24 ga Yuli 1911, amma wani manomi Melchor Arteaga ne ya kai shi, da ya isa kuma ya tarar da iyalai suna noma a kan matakalan, wani yaro daga cikinsu ne ma ya shiga gaba ya zaga da shi. A jikin wani bango ya ga sunan Agustín Lizárraga da shekarar 1902 an rubuta da gawayi. Abin da Bingham ya yi, ya ɗauki hotuna ya sanar da duniya, wannan nasa ne ba a hana shi. Ya kuma kwashi dubban kayayyaki da ƙasusuwa zuwa Yale, Peru ta yi ta bin hakkinta sai 2011 da 2012 aka dawo da su Kusko. UNESCO ta sa wurin a jerinta tun 1983.

Mutanen kuwa suna nan daram. Sarauta ce ta faɗi, annoba da aikin tilas a ma'adinar azurfa ta Potosí suka ci rayuka ba adadi, amma jikokinsu ne za ki gani a kasuwar Pisak suna saƙa, su ne ke tuƙa bas ɗin, su ne 'yan dakon da ke wuce matafiya a guje da buhu a baya da takalmin tayar mota. Harshen Kechuwa har yau mutum miliyan 8 zuwa 10 ke yin sa. In Allah Ya kai ki, ki ɗauki ɗan jagora ɗan wurin, ki biya shi hakkinsa ba ƙwauro, ki nemi izini kafin ki ɗauki hoton mace da lamarta, ki koyi ko da gaisuwa ɗaya, allillanchu, wato lafiya kuwa. Na gwada ta a kan wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar masara a tashar jirgi, ta ɗago ta dube ni ta amsa da fara'a, ta ƙara min yankan cuku a kai.

Kuma in tafiyarki ta faɗo a watan Yuni, a kudu da Kusko akwai gadar Q'eswachaka a kan kogin Apurímac, tsawonta wajen mita 28, da ciyawa zalla aka yi ta. Duk shekara ƙauyuka huɗu ke haɗuwa, mata su zauna suna murza ciyawa tana zama igiya, maza su tufka ta ta yi kaurin cinya, a yanke tsohuwar gada ta faɗa kogi, cikin kwana uku a ɗaura sabuwa, masu saƙar suna zaune a kan igiyar ƙafafu na reto a sama da ruwa, ɗaya ya taso daga wannan gaɓa ɗaya daga waccan har su haɗu a tsakiya. Rana ta huɗu a yi biki a taka a ƙetare.